Tsatsa Tana Bin Ruwa

Bangon da na zana ya fi ƙwai santsi.
Baltasar ya leƙo ta kafaɗata, kofi a hannu,
ya ce, "Wannan ba a taɓa haihuwar kowa a bayansa ba."
Ya wuce abinsa. Ya bar ni da allon kwamfuta
da magana a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

Sana'ata ɗigo ce da layi.
Ka kafa ɗigo nan, ka kafa can,
ka ja kunnen layin ya lanƙwasa,
lissafi ya riƙe sauran.
Ko ka buɗa shi ya kai faɗin tashar jiragen ruwan Valparaíso
bakinsa ba ya dusashewa, kaifi ɗaya, kamar aska.
Abin yabonsa ke nan, shi ne kuma ciwonsa:
layi bai san tsufa ba.

Sai na hau zuba masa datti.
Kwana uku ina barbaɗa ɗigo kamar gishiri,
tsaga kan tsaga, tabo kan tabo,
dubu arba'in har da ɗoriya.
Da aka ɗora wasan a waya
ɗan tseren namu ya kama ɗingishi,
ya ɗaga ƙafa, ya daskare a iska,
wayar ta ɗau zafi kamar daga murhu aka tsamo ta.
Baltasar bai ce uffan ba.
Ya rubuta a takarda: dubu biyu.

Da yamma na bi matakalar tudu da ƙafa,
na daina ƙirga a ɗari da sittin.
Doña Fresia na shanya a baranda.
Gidanta sanye yake da kwano daga ƙasa har rufi,
shuɗi ne a da, yanzu launin da ba shi da suna.
Ta ga na ƙura masa ido.
"Saye za ki yi?"
Na ce tsatsa nake kallo.
Ta yi dariya, maƙalin shanya a baki.
"Tsatsa ba mahaukaciya ba ce, 'yar nan.
Daga kan ƙusa take tashi, ta bi ruwa ƙasa.
Gefen teku gishiri ya ci,
gefen inuwa na gansakuka ne.
Nan kuwa da ya koɗe,
kafaɗar Eliseo ce. Shekara talatin
yana jingina, yana ƙirga jiragen da ba nasa ba."

A daren na share dubu talatin da takwas.
Ƙusa bakwai na bari, kowace da jan hawayenta,
wani gajere, wani dogo,
ɗaya ya karkace don kwanon ya lotsa a wurin.
Ɓawon fenti guda na yanka,
na juya shi, na rage shi, na kifa shi,
ya zama goma sha biyu, ba mai cewa uwarsu ɗaya.
Siririyar inuwa ƙarƙashin kowane, iyakarta ke nan.
Ido ba mudu ba ne amma ya san kima:
ba shi uku, zai ƙirga ɗari da kansa.
Sannan, daidai tsayin kafaɗa,
na shafa ɗan fari-fari, ban gaya wa kowa ba.

Daƙiƙa biyu ɗan tseren ke yi ya wuce bangon.
Na sani. Bayan fage ne, ba don kallo aka yi shi ba.

Ranar gwaji aka miƙa wa Nahuel wayar,
ɗan mai sharar ofis, shekararsa tara.
Ya yi tsalle, ya zille, ya haye rufi uku,
sai ya ɗauke yatsa.
Agogo na cinye masa maki.
"Gudu mana!" in ji Baltasar.
Yaron bai ɗago ba.
"Tsaya tukuna," ya ce,
"so nake in ga ko zai jingina."